Kafin a Yi wa Bawul Girandin, a Fara Auna Gaid

 Sharhinmu na yau na gareji ne. Saboda haka kanikawa da yaransu masu koyon aiki, da direbobin haya, da duk wanda aka taɓa sauke wa inji, a ɗan ƙara muryar rediyo.

Akwai wata rigima da ba ta ƙarewa tsakanin masu mota da kanikawa. Mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. An kai ta gareji, an buɗe inji, an sa ringi sabo, an canja gaskit, an yi wa bawul girandin, an ɗora sababbin sil. Mai mota ya biya kuɗi masu kauri ya tafi yana murna. Ba a rufa wata uku ba sai ga shuɗin hayaƙi ya dawo, musamman da safe in an tayar da ita. Mai mota ya ce, "Oga, ka dai ci kuɗina." Bakanike ya ce, "Wallahi Alhaji kayan yanzu ne, sil ɗin jabu aka sayar mana." Wani lokacin bakaniken ne ke da gaskiya, domin jabun kaya sun cika kasuwa. Amma sau da yawa ɓarnar tana wani wuri da babu wanda ya leƙa a cikinsu, wato gaid ɗin bawul.

Ga wanda bai taɓa ganin cikin inji ba, tof silinda shi ne murfin da ke rufe saman fistin. A cikinsa bawuloli suke, wasu suna shigar da iska da mai, wasu suna fitar da hayaƙi zuwa salansa. Kowane bawul yana da kai mai faɗi da doguwar sanda siririya. Ita wannan sanda tana kai da komo ne a cikin wani ɗan bututun ƙarfe da ke jikin tof silinda, tsawonsa bai wuce santimita 4 zuwa 6 ba a ƙananan motoci. Shi ne gaid. Aikinsa ya riƙe bawul a miƙe, domin duk lokacin da zai rufe ya sauka daidai a tsakiyar mazauninsa. Yana kuma janye zafi daga jikin sandar, sannan shi da sil ɗin da ke bisa kansa su ne ke ƙayyade ɗan baƙin man da zai gangara ya jiƙa sandar.

Mu ɗan yi lissafi. Injin da ke juyi 3000 a minti ɗaya, wanda gudu ne na yau da kullum a kan babbar hanya, kowane bawul nasa yana buɗewa ya rufe sau 1500 a wannan mintin. Sau 25 ke nan a daƙiƙa guda. In direba ya yi tafiyar awa 3 a haka, kowace sanda ta gogi gaid ɗinta hawa da sauka sau 270,000. Bawul ɗin hayaƙi kuwa a cikin wuta yake wannan aiki, domin kansa yakan kai digiri 700 a ma'aunin Salshiyas, har ya wuce in mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Ruwan lagireto ba ya taɓa shi. Kusan kashi uku cikin huɗu na zafin yana fita ne ta mazaunin, a ɗan lokacin da bawul yake rufe, ragowar kuma ta sanda zuwa gaid. Da zarar gaid ya yi sako-sako, hanyoyin nan biyu duk sun samu matsala: sanda ba ta manne da bututu yadda ya kamata, kai kuma ba ya zama daidai a mazauninsa. Daga nan ne ake samun bawul ya ƙone, gefensa ya gutsure.

To nawa ne tazarar da ta kamata a samu tsakanin sanda da gaid? Mu ɗauki injin da kowane bakanike a ƙasar nan ya sani, 1ZZ-FE na Toyota Corolla mai lita 1.8. Littafin kamfanin ya ce a sabon inji tazarar bawul ɗin shigar iska tana tsakanin milimita 0.025 da 0.060, ta bawul ɗin hayaƙi kuma 0.030 zuwa 0.065. Na hayaƙi ya ɗan fi ne saboda sandarsa ta fi kumbura in ta ɗauki zafi. Iyakar da aka yarda a ci gaba da aiki da ita kuwa ita ce 0.08 ga na iska, 0.10 ga na hayaƙi. Silin gashin kan mutum kaurinsa yana wajen milimita 0.07. Ke nan tsakanin gaid mai lafiya da wanda kamfani ya ce a jefar, bambancin bai kai kaurin silin gashi guda ba. Ku riƙe wannan a ranku, domin za mu zo kan maganar girgiza bawul da hannu.

Gaid ba ya cinyewa bai-ɗaya. Bakinsa na sama da na ƙasa su ne ke fara buɗewa, tsakiya tana nan a matse. Ramin kuma yakan daina zama zagayayye, ya fi faɗi ta gefe guda. An fi ganin haka a injinan da roka ke danna bawul, irin tsohuwar Peugeot 504 da Volkswagen Beetle da ƙananan janaretoci da injinan ban ruwa, domin roka ba ta sauka a miƙe, tana ɗan tura sandar gefe duk lokacin da ta danna. Injinan da kamshaf ke danna bawul kai tsaye ta kan ɗan kofin ƙarfe, irin Corolla da muka ambata da Golf, gaid ɗinsu ya fi daɗewa, saboda kofin ne ke shanye turin gefen.

Mu kuma a nan muna ƙara masa wahala da hannunmu. Ƙurar hunturu ta cika matatar iska, maimakon a saya sabuwa sai a kakkaɓe ta har ta yage, ko a cire ta ɗungurungum. Yashin da ya shiga ta nan kan sandar bawul yake bi ya wuce. Ga baƙin man auno-auno da ba a san asalinsa ba, ga barin mai ya wuce lokacin juyewa. Ga al'adar cire tamostat da zuba ruwan rijiya zalla a lagireto. Motar da ta tafasa sau ɗaya ko biyu, sil ɗinta sun bushe sun ƙandare, gaid ɗin hayaƙi kuma ya ji jiki. Sai kuma motar da taimin bel ya tsinke mata tana tafiya, fistin ya daki bawul ya lanƙwashe. Yawanci bawul ɗin kawai ake canjawa, alhali dukan da ya lanƙwasa sandar yakan tsaga bakin gaid ta ƙasa. Wata sabuwa kuma ita ce ta gas. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane suke ta mayar da motocinsu kan CNG. Gas a bushe yake ƙonewa, kuma a injin da ba don shi aka ƙera ba, bawul ɗin hayaƙi da mazauninsa sun fi saurin cinyewa. Duk wanda ya koma gas, ya riƙa sawa ana duba masa tazarar tafet a kai a kai.

Yaya direba zai gane tun kafin a kwance ko noti ɗaya? Da kalar hayaƙi da lokacin fitarsa. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri ruwa ne ke shiga silinda, shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. In shuɗin yana fita ne da safe na ɗan lokaci sannan ya ɗauke, man da ya kwana yana tsiyaya ta sandar bawul ne. In mota ta daɗe tana silo a cikin gosulo, ka taka totur ta tuttuɗo shuɗi, nan ma sama za a duba. Babbar shaida ita ce gangara. Direban da ya sauko Hawan Kibo da giya, ƙafarsa a ɗage daga totur, in ya iso ƙasa ya taka ya ga gajimaren shuɗin hayaƙi a madubi, to ya zargi sil da gaid. Dalili shi ne idan totur yana rufe fistin na ci gaba da zuƙa, iska ba ta samun hanya, sai zuƙar ta jawo mai ta duk wata kafa da ta samu, kuma kafar da ta fi kusa ita ce tsakanin sanda da gaid na bawul ɗin iska. Ringi kuwa in shi ne ya mutu, hayaƙin ya fi yawa lokacin da mota ke jan kaya, kuma in ka buɗe murfin zuba mai za ka ji iska tana busowa. A lura, gwajin kwamfureshan yana iya fitowa lafiya lau alhali gaid ya gama aiki, domin sai ɓarnar ta kai ga mazaunin bawul sannan take bayyana a agogon.

Yanzu an sauke tof silinda, yana kan benci. A nan ne aka fi yin gaggawar da ke jawo asara. Kafin a taɓa maganar gaid, a wanke shi tas a duba ko ya tsage, musamman tsakanin mazaunin bawul biyu da kusa da ramin filogi. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa a ga ko ya banƙare. A injin Corolla ɗin nan iyakar da aka yarda ita ce milimita 0.05. Babu amfanin kashe kuɗi a gaid 16 a kan murfin da ya riga ya tsage. In ya tsallake wannan, a ciro bawuloli ɗaya bayan ɗaya, a huda kwali a jera su bisa tsarin da suka fito, kada na silinda ta ɗaya ya koma ta uku. Wanda ya ƙi fitowa kada a buga shi da guduma. Ƙarshen sandarsa ne ya baje saboda dukan roka, a goge bajewar da fayil ya zame da kansa. In aka tilasta shi ya fita a haka, zai karce cikin gaid daga sama har ƙasa, gaid mai lafiya ya mutu a hannun mai gyara.

Sai wanki. A zura ɗan buroshi a cikin kowane gaid da kananzir ko fetur har baƙin gawayin da ya daskare ya fita, a busar. A kankare sandar bawul ita ma. Gawayi da mai mai kauri suna cike tazara, su sa lalataccen gaid ya yi kamar sabo. Shi ya sa gwajin nan da ake yi, na toshe bakin gaid da yatsa a fizgi bawul a ji ƙarar iska, ba abin dogaro ba ne. Tsakiyar gaid da ke matse da ɗan mai a jiki sun isa su ba da wannan ƙarar, alhali bakunan biyu sun wage.

Girgiza bawul da hannu fa? Ba na raina hannun oga da ya shekara talatin yana wannan aiki. Gaid da ya mutu murus, yana taɓawa zai sani. Wanda yake sabo fil, shi ma zai sani. Matsalar tana ga na tsakiya, kuma yawancin waɗanda ke zuwa gareji na tsakiyar ne. Babu yatsan da zai bambance 0.06 da 0.09, kuma a tsakanin waɗannan biyun ne hukuncin gaid ɗin bawul na iska yake, ko a bari ko a canja.

Awo na gaskiya kayan aiki biyu yake buƙata: maikiromita, da ɗan ma'aunin rami mai kai tsagagge wanda ake zurawa a buɗa shi har ya taɓa bango, a ciro a auna. A auna sandar bawul a wuri uku a inda take goguwa, a kwatanta da saman sandar inda ba ta shiga gaid, a ga nawa ta zaizaye. A auna cikin gaid a sama da tsakiya da ƙasa, kowane wuri ta fuska biyu, ɗaya ta bin layin da roka ke turawa, ɗaya a gicciye. Sannan a ɗauki adadi mafi girma na gaid a cire adadi mafi ƙanƙanta na sanda. Misali gaid ya ba ka 5.58, sanda ta ba ka 5.47, tazara 0.11 ke nan, ta wuce iyaka ko na iska ne ko na hayaƙi. Amfanin auna su daban-daban shi ne ka san wane ne mai laifi. Wani lokacin sandar ce ta cinye, sabon bawul kaɗai ya isa ya dawo da tazara cikin ƙa'ida. Baniya kalifa ba ta wannan aiki, domin haƙoranta a bakin rami kawai suke tsayawa, kuma karatunta bai kai wannan ƙanƙanta ba.

Wanda ba shi da ma'aunin rami yana iya amfani da agogon awo mai allura. Amma a nan akwai tarko. Kowane kamfani da yadda ya ce a tsayar da bawul kafin a girgiza shi. Volkswagen, a injinan Golf masu bawul 8, ya ce a sa sabon bawul, a jawo shi har ƙarshen sandarsa ya yi daidai da bakin gaid, a ɗora allurar a gefen kan bawul a kaɗa. Iyaka milimita 1.0 ga na iska, 1.3 ga na hayaƙi. Honda kuma cewa ya yi a ɗaga bawul kimanin milimita 10 daga mazauninsa. Kun ji 1.3 a nan, kun ji 0.10 a wajen Toyota. Wannan ba ya nufin gaid ɗin Golf ya fi na Corolla sako-sako sau goma sha uku. Bawul ɗin ne aka zaro da tsawo, ƙaramin motsi a cikin gaid ya zama babba a can ƙarshe. Duk wanda ya ɗauki adadin wannan kamfani ya yi awo da salon wancan, ya ɓata lissafinsa. Littattafan gyaran nan kuma yanzu ana samunsu a waya, yaron da ya iya karatu a gareji zai iya nemo wa ogansa.

An auna, gaid ya wuce iyaka. Sai me?

Kusan duk ƙananan motocin da ke kan titunanmu tof silindarsu na alminiyam ne, kuma gaid ɗinsu dasa shi aka yi, ana cire shi a sa wani. Kanikawan da suka tashi a zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya cika ƙasar nan da 504, sun san wannan aiki sarai. Sirrinsa zafi ne. Gaid ya ɗan fi raminsa kauri da kimanin milimita 0.03 zuwa 0.05, wannan matsewar ce kaɗai ke riƙe shi. Alminiyam ya fi ƙarfe saurin buɗewa in ya ji zafi, shi ya sa Toyota ya ce a ɗumama murfin a hankali zuwa digiri 80 zuwa 100. Wannan ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Rabin durom da ruwa a kan wuta ya wadatar, tunda ruwa ba ya wuce digiri 100 in ya tafasa. Abin da ba a so shi ne a kunna wutar walda a kafa ta a wuri guda. Gefe ɗaya zai kumbura ɗaya yana sanyi, murfin ya banƙare, ko mazaunin bawul ya saki.

A kankare gawayin da ke jikin ƙasan tsohon gaid kafin a kore shi, in ba haka ba zai tafi yana yagar alminiyam. A yi amfani da ƙarfen bugu mai ɗan hanci da ke shiga cikin gaid, wanda aka yi daidai da girmansa, ba tsohon bol ba. In ya fita a auna ramin da ya bari. Idan ramin ya buɗe, Toyota yana da gaid mai ƙarin kaurin milimita 0.05 domin irin wannan, sai a gyara ramin daidai da shi. Sabon gaid a sa shi cikin firiza ko ƙanƙara ya ɗan tsuke, murfi kuma yana da zafi, a shafa mai a buga shi a miƙe. Kuma akwai iya tsawon da ya kamata ya rage a waje. Tun kafin a cire tsohon a auna wannan tsawon a rubuta. In ya yi sama da yawa, farantin da ke riƙe sifirin zai riƙa dukan sil yana farfasa shi.

Bayan an dasa, cikin gaid yakan ɗan matse. Dole a bi shi da rima mai kaifi, da mai, ana juyawa ta hannun dama kawai, har wajen fitowa ba a mayar da ita baya. A wanke a sake awo. Akwai masu ganin cewa in bawul ya shiga da ƙyar shi ne aiki ya yi kyau. Wannan ya fi sako-sako haɗari. Sandar da ba ta da wurin kumbura, da inji ya ɗauki zafi za ta maƙale a buɗe, fistin ya taso ya same ta. Mai sako-sako mai kawai zai sha maka, matsattse kuwa inji zai fasa.

Wata magana a gefe. In ba a samu gaid na sayarwa ba, akan je wajen masu sassaƙa ƙarfe da na'ura su fiƙe wani. Ba laifi ba ne, akwai gwanaye a cikinsu ƙwarai. Amma a tambayi da wane ƙarfe za a yi. Gaid na ƙwarai ƙarfen zubi ne ko gaurayen tagulla da aka yi domin jure zafi da guga. Wanda aka fiƙe daga guntun rodi, ƙarfe ne irin na sandar bawul, su biyun za su riƙa cin juna har su kama. Wanda aka fiƙe daga tsohon kan famfo kuwa laushi gare shi, ba zai kai ko'ina ba.

Akwai tsofaffin injina masu murfin ƙarfen zubi, irin Chevrolet V8 na Amurka da aka fara ƙerawa a 1955, waɗanda gaid ɗinsu rami ne kawai da aka huda a jikin murfin, babu abin cirewa. Irin waɗannan ko dai a faɗaɗa ramin a sa bawul mai sanda mai ƙarin kauri, misali milimita 0.38, ko a faɗaɗa shi a zura siririn bututun tagulla a ciki, irin wanda kamfanin K-Line ya yi suna da shi. Wannan na biyun gyara ne mai kyau in an yi shi da kayan aikinsa, kuma ana yin sa har a murfin alminiyam. Sai hanya ta uku, wadda ake murɗa wani ƙarfe mai zare a cikin gaid ya tayar da tudu-tudu a bangonsa, ramin ya tsuke, a bi da rima. Tana da arha, tana da sauri, bawul zai tsaya ƙyam a ranar. Sai dai a kan ƙananan tudun nan kawai sandar take jingina, zafi ba ya wucewa sosai, kuma ba sa daɗewa suke gogewa. A ganina wannan gyaran mai shirin sayar da mota ne. Bakaniken da zai yi shi ya gaya wa mai mota gaskiyar abin da ya yi masa.

Yanzu ga inda na fi so kanikawa su saurara. Sabon gaid ba ya taɓa zama daidai inda tsohon yake. Tsakiyarsa takan ɗan gusa, ko da kaɗan ne. Mazaunin bawul kuwa yana nan inda yake, ga shi tsohon gaid ya riga ya sa ya cinye ta gefe guda. Saboda haka duk wanda ya canja gaid, wajibi ne ya sake yanke mazaunin. Na'urar yankan ma sandarta a cikin gaid take tsayawa, daga nan take samun tsakiya. Kun ga dalilin da ya sa gaid ke zuwa farko. Wanda ya yanke mazauni a kan gaid mai girgiɗi, karkataccen mazauni ya yanka. Yawanci fuskar da bawul ke zama digiri 45 ce, sai a rage faɗinta ta sama da ta ƙasa da wasu kusurwoyi biyu, har ta dawo tsakanin milimita 1.0 da 1.4 a irin injin Corolla. Ta yi faɗi da yawa gawayi ya maƙale a kai, ta yi siriri zafi ya rasa hanyar fita.

Girandin da muke ji da shi, na shafa man yashi a murza bawul da sanda mai roba, aikin gamawa ne na 'yan mintoci. Ba ya miƙar da karkataccen mazauni. A sa yaro ya wuni yana murzawa, ko a ɗaura bawul a bakin na'urar huda ƙarfe a yi ta juyawa, abin da za a samu shi ne kwari a fuskar bawul. A benci zai riƙe fetur in an zuba, a ce aiki ya yi. In inji ya yi zafi ƙarfe ya motsa, sai ya fara yoyo. Kuma man yashin nan in ɗigo ɗaya ya shiga cikin gaid aka haɗa inji a haka, zai yi wa sabon gaid cikin kwanaki abin da ƙura ke yi a shekaru. A wanke da ruwan zafi da sabulu da buroshi, a busar, a shafa mai mai tsabta.

Sil shi ne na ƙarshe. Ba a yi shi don ya hana mai wucewa gaba ɗaya ba, ɗan kaɗan yake bari domin sanda ta samu laushi. A rufe tsagin da ke ƙarshen sandar da ɗan leda ko hular da ke zuwa cikin kwalin kafin a zura shi, kada kaifin tsagin ya yanke leɓensa. A injina da yawa na iska da na hayaƙi kalarsu daban, kada a musanya. Kuma don a yi adalci, akwai lokacin da canja sil kaɗai ya isa: motar da gaid ɗinta ke cikin ƙa'ida, roba ce kawai ta tsufa ta bushe. Wannan ma ana yin sa ba tare da an sauke tof silinda ba, a cika silinda da iska ko a cusa igiya ta ramin filogi don kada bawul ya faɗa. Amma sil a kan gaid da ya wage, sandar za ta yi ta wujijjiga shi hagu da dama har leɓen ya buɗe, ko da daga kamfani aka ɗauko shi a cikin kwalinsa.

Wasu za su ce duk wannan wahala ta mece ce, a je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko a aika Ladipo a Legas a sayo tof silinda ɗan Baljiyam a ɗora. Wani lokacin hakan ya fi sauƙi, musamman in murfin ya tsage ko ya banƙare. Sai dai shi ma ɗan Baljiyam ɗin daga jikin wata mota aka ciro shi, bayan ta yi tafiyar da babu wanda ya san tsawonta. Wankin da ya sha a kasuwa ba ya mayar da ƙarfen da ya zaizaye. Shi ma a ciro bawul ɗinsa a auna kafin a ɗora, tun ana iya mayar wa mai shago.

Kirana ga shugabannin kanikawa, musamman rassan ƙungiyar NATA a garuruwanmu: in maikiromita da ma'aunin rami da rima sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ba su fi ƙarfin gareji guda ba. A haɗa kuɗi a saya, a ajiye a hannun amintacce, a koya wa yara karanta su. Ku kuma masu mota, awo aiki ne, yana cin lokaci, ku biya shi ba tare da ƙorafi ba. In an ce an yi muku aikin tof silinda, ku nemi a rubuta muku tazarar da aka samu a kowane gaid, kuma in an ce an canja, a ba ku tsofaffin a hannu.